Mai Sayar da Ashana: Masu Zanen Jamus da Suka Ƙi Yi wa Yaƙi Kwalliya

Maƙalar wannan mako za ta kai mu Jamus, tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu.

Jamus ta sha kashi a 1918, titunan biranenta suka cika da naƙasassun sojoji suna bara. Manya na ta kirarin jarumta, wasu masu zane kuwa suka ce abin da idonsu ya gani shi za su zana.

Otto Dix na cikinsu, domin shi ma ya yi yaƙin. A 1920 ya zana wani tsohon soja makaho, ba hannaye, ƙafafun katako, yana zaune a gefen titi da akwatin ashana a cinyarsa. Masu wucewa sun ci ado, amma Dix bai nuna fuskokinsu ba, sai ƙafafunsu suna sauri suna kauce masa. Wanda kawai ya tsaya shi ne wani ɗan kare, ya ɗaga ƙafa yana yi masa fitsari. Ba jini, ba gawa, amma duk wanda ya kalla ya san yadda ƙasar ta saka wa wanda ya yi mata yaƙi. Yau zanen na wani gidan tarihi a Stuttgart.

George Grosz kuma ya riƙa zana hafsoshi da attajirai da manyan tumbi, har kotu ta ci shi tara a 1921 kan cin mutuncin soja. Käthe Kollwitz, wadda aka kashe ɗanta Peter a fagen daga a 1914, ta koma zana iyaye mata masu makoki da yara masu yunwa.

Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933, sai aka kori Dix daga koyarwa a Dresden, aka tilasta wa Kollwitz barin majalisar masu fasaha ta Prussia. Grosz ya riga ya tsallaka Amurka. A Yulin 1937 aka baje ayyuka kusan 650 a Munich da sunan "gurɓatacciyar fasaha", har da na Dix da Grosz, don jama'a su yi musu dariya. Fiye da mutum miliyan 2 suka je kallo. Bayan shekara 2, yaƙin da zanukan suka yi gargaɗi a kai ya ɓarke.

Abin lura a gare mu: da yawa in za mu rubuta talauci ko zalunci, sai mu cika shafi da "abin tausayi" da "abin takaici". Dix bai roƙi tausayin kowa ba. Ya zaɓi abu uku, ashana da ƙafafun masu wucewa da kare, ya bar mai kallo ya yanke hukunci. A labarin da kake rubutawa yanzu, ko kike rubutawa, wane ƙaramin abu ne zai ɗauki wannan nauyi? Sai na ji daga gare ku.