Yadda Girkanci Ya Zama Rumbun Kalmomin Kimiyya a Turanci

Girkawa ba su taɓa cin Ingila da yaƙi ba, ba su kuma taɓa mulkinta ba. Duk da haka, wanda ya buɗe littafin likitanci ko na kimiyya da Turanci zai tarar da harshensu a kowane shafi. Ta hanyoyi uku ya isa can: ta coci, ta hannun masu fassara, da kuma ta ɗakunan gwaje-gwaje.

Addini ne ya fara buɗe ƙofa. Bayan da Augustine ya sauka Ingila a 597 da wa'azin Kiristanci, kalmomin ibada suka biyo shi ta cikin Latin. Daga nan aka samu bishop, wadda asalinta episkopos ce, wato mai sa ido a kan jama'a. A 668 Fafaroma ya naɗa Theodore, mutumin Tarsus da ke Turkiyya ta yau, shugaban cocin Canterbury. Shi da abokin aikinsa Hadrian, ɗan Arewacin Afirka, suka buɗe makarantar da ake koyar da Girkanci. Bayan shuɗewarsu ilimin ya dusashe, aka shafe ƙarnoni da wuya a sami mai karanta harshen a Ingila.

A wannan tsakanin Bagadaza ce ta riƙe amanar. A ƙarni na 9 Hunainu ɗan Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, ya fassara littattafan likita Jalinus zuwa Larabci, wasu kuma suka ɗauki na Aristotle. A ƙarni na 12, a birnin Toledo na ƙasar Sifen, irin su Gerard ɗan Cremona suka mayar da waɗannan littattafai Latin. Shi ya sa alchemy da elixir suka shiga Turanci ɗauke da "al" ɗin Larabawa a goshi, alhali tushensu na Girka ne. Hausa ma ta samu rabonta ta wannan hanya: falsafa da dirhami da alƙalami duk a Girka aka haife su, Larabci ne ya kawo mana.

Komawa ga Girkancin kansa ta faro ne daga Italiya. Manuel Chrysoloras ya soma koyar da shi a Florence a 1397, sannan faɗuwar Kustantiniya hannun Daular Usmaniyya a 1453 ta ƙara tura malamai yamma da littattafansu. William Grocyn ya koyar da shi a Oxford daga 1491, kuma a 1540 Sarki Henry na Takwas ya kafa kujerar farfesan Girkanci a Cambridge. Wanda ya fara hawa kujerar, John Cheke, shi ne kuma ya fi kowa adawa da cusa wa Turanci baƙin kalmomi, har ya gwada fassara Linjilar Matta da kalmomin gida. Bai yi nasara ba, don ambaliyar ta riga ta taho.

Abin lura shi ne, kalmomi da yawa da ake kira na Girka, babu Bagirken zamanin da da ya taɓa furta su. Masana Turai ne suka riƙa ɗibar gutsattsarin harshen suna haɗawa, kamar magini da tubali. Tele nesa ce, micro ƙarami, scope dubawa, graph rubutu. A 1611 aka raɗa wa madubin hangen nesa na Galileo suna telescope, a 1625 microscope ta biyo baya. William Gilbert ya ɗauko elektron, sunan wani daskararren ƙaro da ke jan ƙananan abubuwa in an goga shi, ya saka a littafinsa na 1600, daga nan sunan lantarki ya fito. Richard Owen ya haɗa "abin tsoro" da "ƙadangare" a 1842, dinosaur ta samu.

Dalilin zaɓen Girkanci a fili yake. Harshe ne mai sauƙin haɗa kalma da kalma, kuma Bafaranshe da Bajamushe da Ba'ingile duk sun karanta shi a makaranta, babu mai jin an fifita harshen kishiyarsa. Sai dai suna kan wuce ilimin da ya haife shi. Lavoisier ya kira iskar da muke shaƙa oxygen, wato mai haifar da tsami, saboda ya zaci tana cikin kowane asid, kuma ba haka ba ne. Atom na nufin abin da ba ya yankuwa, ga shi an fasa shi a ƙarni na 20. Sunayen dai sun zauna daram.

A 1957 masanin tattalin arziki Xenophon Zolotas ya yi jawabi a taron Bankin Duniya a Washington da Turancin da kusan duk kalmominsa masu asalin Girka ne, don nuna yawan bashin da ake bin Turanci. Amma bashin ya zama na juna. Girkawan yau sun karɓi sunan tarho daga Turawan da suka ƙera shi da kayan kakanninsu, kamar yadda Bahaushe ya karɓi tarho da kilo da dimokuraɗiyya daga bakin Ingilishi.