Shin Roka Tana Huda Sama?

Wani mai sauraronmu daga Ɗanbatta, Jihar Kano, ya aiko da takarda yana tambaya: wai gaskiya ne rokokin da ake harbawa suna huda sama har su hana ruwan damina?

To Malam, hudawar dai akwai ta. Can sama, daga kamar kilomita 60 zuwa 1,000, akwai wata shimfiɗar iska mai ɗauke da lantarki, ita ke dawo da muryar rediyo mai gajeren zango zuwa akwatinka. Ranar 14 ga Mayu, 1973, da Amurka ta harba tashar Skylab, tururin ruwan da rokar ta fesa ya kashe fiye da rabin lantarkin nan, a fili mai faɗin sama da kilomita 1,000. An sake ganin irin haka a 2017, bayan wani harbi daga Kalifoniya. Wannan rami yakan dagula saƙon rediyo, amma cikin 'yan sa'o'i hasken rana yake ɗinke shi.

Shi kuwa hadari, ƙasa da kilomita 20 yake haɗuwa, ramin bai isa gare shi ba. Saboda haka Malam, ruwa na sauka a shuka gero, kada a tsaya. Allah Ya ba mu damina mai albarka.