Ɗora Umarni Tun Farko ko Sai an Nema: Tarihin Wata Takaddama a Uwar Garke

Uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe da shafukan intanet tana miƙa su ga mai nema, ta shafe shekara talatin tana fama da tambaya guda: umarnin manhaja a ɗora shi duka tun lokacin kunnawa, ko a bar kowane yanki sai an buƙace shi?

Da farko babu zaɓi. Tsarin CGI da ya fito daga cibiyar NCSA ta Jami'ar Ilinoi a 1993 yakan tayar da sabon shiri duk sanda baƙo ya buɗe shafi. Galibin shirye-shiryen da harshen Perl aka rubuta su, wanda Larry Wall ya fitar a 1987. Tafintan Perl zai farka, ya karanta fayiloli, ya fassara, ya ba da amsa, ya mutu. Baƙo na gaba kuma a koma gidan jiya.

Manhajar uwar garke ta Apache ta bayyana a 1995, kuma a 1996 aka samu mod_perl, wanda Doug MacEachern ya daɗe yana jagoranta. mod_perl ne ya zaunar da tafinta a cikin uwar garken dindindin. Masu kula da shafuka suka koyi ɗora duk kayan aiki kafin babban shiri ya haifi 'ya'yansa, domin 'ya'yan su yi tarayya a ƙwaƙwalwa ɗaya muddin ba wanda ya sauya abin da ke ciki.

Duk wanda ya yi aiki a masana'antar roba a Sharada ya san irin wannan lissafi. Injin narka roba sai ya ɗau zafi kafin ya fitar da bokiti ko buta. A bar shi a kunne yana shan dizal ba aiki, a kashe shi kuma oda ta farko ta tsaya jira.

Lamarin ya ƙara sarƙewa da Apache 2.0 a 2002, wadda ta kawo zaren aiki, inda shiri ɗaya ke gudanar da ayyuka da yawa lokaci guda. A mod_perl 2.0 na 2005 akan tanadi rukunin tafintoci da aka kwafo daga uba ɗaya, kowane zare ya ari ɗaya, ya gama ya mayar. Umarnin da uban ya riga ya fassara kowa na amfani da shi, amma bayanai sai an kwafa wa kowanne nasa, kuma kwafin na da nauyi. Wanda ya jinkirta ɗorawa don ya rage wannan nauyi sai ya tarar kowane tafinta yana fassara fayil ɗin da kansa, ƙwaƙwalwa na kumbura a hankali, baƙon da ya faɗa kan sabon tafinta kuma ya sha jira. Dabarar zaren ba ta yi farin jini ba, kuma tun fitowar Perl 5.20 a 2014 takardun harshen da kansu suke ba da shawarar a guji irin wannan zare.

Harshen PHP, wanda WordPress ke gudana a kansa, ya bi wata hanya. Daga PHP 5 a 2004 yana iya jinkirta ɗauko fayil sai an ambaci sunan abin da ke ciki. A 2013 aka haɗa masa OPcache mai adana abin da aka fassara, sannan a 2019 fitowa ta 7.4 ta kawo damar ɗora fayiloli tun lokacin kunna uwar garke.