Dajin Kariya na Garin Andermatt

Garin Andermatt yana gindin wani tsauni a duwatsun Alps na ƙasar Suwizalan. Can hunturu yakan zo da dusar ƙanƙara mai yawa, wadda kan taru a gangaren dutse, ta zaftaro gaba ɗaya ta binne gidaje da garkunan shanu. Wani ɗan kurmi da ke bisa garin shi ne garkuwarsa, domin itatuwa suna riƙe dusar tun ba ta motsa ba.

A shekarar 1397 mutanen kwarin suka rubuta dokar hana sarar wannan kurmi, har da ɗibar busassun rassa, suka yanka tara mai tsanani. Doka ce mai wuya ga talakan da sanyi ke ci, ga itace yana kallo. Amma sun fahimci cewa itacen girki na shekara guda bai kai darajar rufin kansu ba. Sai a 1876 gwamnatin tarayya ta kafa irin wannan doka ga dazuzzukan tsaunuka.

Inda babu kurmi kuwa, magina kan tayar da katangar dutse mai tsini a bayan gida, don ta tsaga dusar biyu. Duk da haka, zaftarewar watan Janairun 1951 ta hallaka mutum 13 a Andermatt.