Huron da Amurkawa a Fot Pit, 1779

Faransawa ne suka laƙaba musu sunan Huron, amma su Wendat suke kiran kansu. Bayan da Irokwa suka tarwatsa ƙasarsu a 1649, wasu suka nufi Kebek, wasu suka yi yamma har suka zauna a Ditroyit da bakin kogin Sanduski, cikin jihar Ohayo ta yau. Waɗannan na yamma su ne ake kira Wayandot.

Da yaƙin neman ƴancin Amurka ya ɓarke a 1775, sai suka shiga tsaka mai wuya: ga sojan Ingila a Ditroyit, ga na Amurka a Fot Pit, inda birnin Pitsbag yake yanzu. A watan Satumba na 1779, Kanal Daniyel Brodhed ya dawo ke nan daga ƙone garuruwan Seneka, sai ga wakilan Wayandot sun zo neman sulhu.

Ya kamata ɗalibin harshe ya lura da yadda ake magana a irin wannan taro. Ba a faɗin muhimmiyar magana sai an miƙa ɗamarar duwatsun wamfam, wadda ita ce shaida. Sannan kowa da sunan zumuntar da ake kiran sa. Sarkin Ingila "uba" ne, Amurkawa "ƴan'uwa", su kuma Wayandot "kawu" ne ga Dalawa. To, Wayandot ta wajen uwa suke bin dangantaka, saboda haka ikon yana hannun kawu. Aikin uba shi ne ya yi kyauta, ya raba faɗa. Turawa sun ji daɗin sunan, amma a ganina kaɗan ne daga cikinsu suka gane nauyin da aka ɗora musu.

Brodhed ya so su juya wa Ingila baya. Sai dai ba shi da albarushi ko barguna da zai ba su, don kuɗin takarda na Amurka sun riga sun zama banza, alhali rumbunan Ditroyit cike suke. Sulhun bai je ko'ina ba. A Maris na 1782 ƴan sa-kai na Amurka suka kashe Dalawa Kiristoci 96 a Ginadenhutan, a watan Yuni kuma Wayandot da Dalawa suka fatattaki rundunar Kanal Wiliyam Kirofod a Sanduski.

Duk da wannan nasara, yarjejeniyar Paris ta 1783 ba ta ko ambace su ba. Da aka zauna a Fot Makintosh a Janairun 1785, wakilan Amurka suka ɗauke su a matsayin waɗanda aka ci da yaƙi, suka yanke musu iyaka, har suka riƙe wasunsu garkuwa.