Gonar Yaro, Darasin Uba: Abin da Ya Ba Ƙungiyoyin Matasa Manoma Ƙarfi

A farkon ƙarni na 20, kwalejojin aikin gona na Amurka sun yi fama da matsalar da kowane malamin gona ya san ta. Bincike ya taru jingim, amma dattawan manoma sun toshe kunne. Mutumin da ya tsufa yana shuka masara yadda ya ga ubansa na yi, ba ya sauya iri don wani ɗan boko ya zo daga birni ya ce ya sauya. Sai aka sake dabara: a kewaye uban, a biyo masa ta kan ɗansa. Wannan shi ne tushen ƙungiyoyin matasa manoma. An saba kare su da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wato ana tanadin manoman gobe. Hujjar da wannan maƙala ta tsaya a kai daban ce: inda suka yi tasiri, sun yi shi ne domin yaro ya mallaki abin da ya noma, kuma manyansa sun ga sakamakon da idonsu a daminar nan.

A 1902, wani jami'in ilimi mai suna A. B. Graham ya tara yaran ƙauye a gundumar Clark ta jihar Ohio, suna gwada tsamin ƙasa, suna koyon zaɓen irin masara. A jihohin kudu kuma aka kafa ƙungiyoyin masara, inda kowane yaro yake karɓar eka ɗaya a gonar gidansu. A 1910 wani yaro, Jerry Moore, a Karolina ta Kudu, ya girbe sama da bushel 228 a ekarsa, wato fiye da buhu 50 mai cin kilo 100, a zamanin da matsakaicin manomin ƙasar ba ya samun bushel 30 a eka. A shekarar ce wata malamar makaranta a jihar, Marie Cromer, ta kafa wa 'yan mata ƙungiyar tumatir: kowacce da ɗan filinta, kashi ɗaya cikin goma na eka, ta noma, ta zuba a gwangwani, ta sayar. Dokar Smith-Lever ta 1914 ta sa wannan aiki ƙarƙashin hukumar malaman gona ta ƙasa, sannan a 1924 aka tsayar wa waɗannan ƙungiyoyi da sunan 4-H.

Yadda ekar nan take aiki shi ne abin dubawa. Iyakarta ɗaya da gonar uban, ƙasa ɗaya, ruwan sama ɗaya. Yaro yana bin umarnin malamin gona wajen zurfin huɗa da tazarar shuka da yawan taki, yana kuma rubuta kowane sisi da ya kashe da kowace awa da ya yi yana aiki. Ranar girbi a auna a gaban shaidu. Idan zangarniyar ɗan ta fi ta uban cika, babu sauran gardama, gani ya kori ji. Kuma uban bai ji kunya ba, domin ba baƙo ne ya fi shi ba, ɗansa ne, a gonarsa. Littafin lissafin nan ma ba ƙaramin abu ba ne. Da shi yaro ya fara bambanta yawan amfani da riba, abin da manoma da yawa kan tsufa ba su tantance ba.

Ingila ta bi sawu a 1921, lokacin da kamfanin madara na United Dairies ya shirya wa 'ya'yan masu kawo masa madara gasar kiwon maruƙa a ƙauyen Hemyock, sannan aka kafa tarayyar ƙungiyoyin matasa manoma a 1932. Kenya ta fara nata, 4-K, a farkon shekarun 1960, kuma gwamnati ta sake farfaɗo da su a 2021.

Tarihin yana da tabo. A kudancin Amurka an ware yaran baƙar fata a ƙungiyoyinsu daban, da ƙarancin kuɗi da ma'aikata, har cikin shekarun 1960. Masanin tarihi Gabriel Rosenberg ya nuna cewa 4-H ta zama ƙofar da bankuna da kamfanonin taki da na injuna suka bi suka shiga karkara. Noman da ta koyar ya bunƙasa amfani, amma ya taimaka wajen haɗiye ƙananan gonaki, har jikokin waɗancan yara da yawa suka bar noma. Saboda haka duk mai cewa ƙungiya za ta hana matasa tafiya birni, tarihi bai goyi bayansa ba. Abin da take iya yi shi ne ta kai sabon ilimi gida da sauri, ta kuma koya wa yaro lissafin sana'a.

A Nijeriya an daɗe da ƙungiyar matasa manoma a makarantu, kuma shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo a 1976 ya matsa wa makarantu su yi gona. Sai dai a wurare da yawa an ɗauki suna an bar ruhin. Gonar makaranta ta zama inda ake tura wanda ya makara ya yi kunya biyar, masara kuwa in ta nuna, ɗalibi bai san inda ta shiga ba. Yaron da ya koyi riƙe fartanya a matsayin horo, da wuya ya ɗauke ta sana'a. A Nijar, ƙungiyar matasa ta Samariya da shugaba Seyni Kountché ya farfaɗo da ita bayan 1974 ta yi aikin gayya mai yawa, amma gumin na jama'a ne, umarnin daga sama yake zuwa, kuma ta yi sanyi da aka koma siyasar jam'iyyu.

Abin mamaki shi ne ƙasar Hausa ba ta bukatar aron wannan hikima daga Ohio. A tsarin gandu, wanda mai bincike Polly Hill ta yi nazarinsa a Batagarawa, ɗa yana yi wa gida noma da safe, sannan maigida ya ba shi gayauna, wadda yake nomawa da yamma ko ranar hutun gandu, amfanin kuma nasa ne. Abin da gayauna ta rasa shi ne malamin gona da littafin lissafi, abin da gonar makaranta ta rasa shi ne mallaka. Ƙungiyar da za ta yi amfani a yau ita ce wadda za ta kawo wa gayauna irin wake ko na masara mai saurin nuna daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a shuka shi kusa da na gida.

Cikas ɗin shi ne fili. Rabon gado ya daddatsa gonaki, kuma a karkarar Kano da ke maƙare da jama'a, uba da yawa ba shi da kunyar da zai yanka wa ɗa. A nan sai a koma ga dabarar Hemyock, wato dabba maimakon ƙasa. Turkar rago ɗaya zuwa Babbar Salla, da harawa da dusa da kuɗin magani duk a rubuce, aiki ne da yarinya za ta iya yi a tsakar gida, ta kuma san abin da ya rage mata bayan an sayar.