Futura Condensed, haruffan da aka matse don talla

Futura Condensed reshe ne na Futura, samfurin haruffan da Bajamushe Paul Renner ya zana, kamfanin Bauer na Frankfurt ya fitar a 1927. An gina Futura kan da'ira da miƙaƙƙen layi, babu ƴan ƙafafun ado a bakin harafi. Da aka matse ta, O ta bar siffar da'ira ta koma siririya, sai doguwar kalma ta shiga ƙaramin allo da manyan baƙaƙe. Shi ya sa masu talla ke son ta. Nike ta daɗe tana amfani da mai kaurin cikinta. A dogon rubutu kuwa tana gajiyar da ido. Mai buga Hausa ya fara duba ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, domin kwafi da dama ba su da su.